Rasuwar Lochin, Roka Mai Inji Huɗu

Da zuciya cike da baƙin ciki, Gulchehra Nurmatova ta garin Margilan na sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar Lochin, rokar da 'yarta Mohira ta ƙera da hannunta. Ya rasu ranar Lahadi da hantsi a bayan gonar auduga, bayan wata uku ana haɗa shi da daƙiƙa biyu a sama.

Marigayin mai rufin asiri ne. Da kwalin naɗe yadin siliki na atlas aka yi jikinsa, lemar saukarsa kuwa ɗankwalin amarcin Gulchehra ce, ta yanka ba ta yi ƙorafi ba. Inji huɗu gare shi, kuma dole su kama wuta tare, in ɗaya ya makara tafiya ta karkace. Mohira, mai shekara tara, ta rubuta wa kowanne suna: Mama, Kaka, Mohira, Baba.

Aiki ɗaya aka ba Jahongir, mahaifinta: ɗaura wayoyin kunnawa. Sau biyu Gulchehra ta tambaye shi ko ya ɗaura duka huɗun, bayan ta ja yarinyar baya taku talatin. Ya dafa ƙirji ya ce, "Haba uwar Mohira, ni fa mai gyaran lantarki ne!"

Uku suka kama. Marigayin ya ce "fuuu", ya yi "tsss", ya kwanta gefe kamar mai neman wani, sannan ya rungumi bishiyar tut.

Washegari, garin shanya, Gulchehra ta ga jar wayar inji na huɗu ɗaure da reshen inabi a tsakar gida. Jahongir ya ce wai reshen ne ya sunkuyo shi ya sa ya ɗaure shi da ita, wai uku ma ai sun isa.

Marigayin ya bar fiffike biyu, da rabin ɗankwali, da inji ɗaya lafiya lau mai ɗauke da sunan Baba, da yarinyar da ta kwana biyu tana cewa ita ce ba ta iya ba.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis bayan la'asar, a gindin inabin. Jahongir ne zai haƙa, shi ne kuma zai faɗa wa 'yarsa gaskiya da bakinsa kafin a rufe. Akwai shayi da gurasa. Mai niyyar cewa "ai kayan wasa ne" ya yi zamansa a gida.

Mohira ta fara zanen ƙaninsa. Inji uku ta zana.