Rasuwar Wayar da Ke Ji wa Doña Hermelinda Girgizar Ƙasa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Doña Hermelinda mai kunun masara tana sanar da mazauna benen nan rasuwar wayarta. Ita ce wadda duk birnin Meziko ke kira selula, amma Nayeli, 'yar Doña, tun da ta koma Madrid ta dage sai dai a ce mobil. Marigayiyar ba ta taɓa sa baki a rigimar ba.

Ajali ya same ta ranar Talata, ta sulɓe daga aljihu ta faɗa tukunyar kunu. An tsamo ta da ludayi, an yi jinyarta cikin buhun shinkafa. Don Cuco mai gyara ya buɗe cikinta ya shinshina, ya ce kunun ya kai har zuciya, ya cire hularsa.

Kowa ya san kunnen Doña ya yi nauyi, ba ta jin lasifikar titi mai gargaɗin girgizar ƙasa. Marigayiyar ce ke ji mata. Sai ta ɗau rawa a aljihu tana "wau, wau, wau!", tsohuwa ta dafa bango ta kama saukowa daga hawa na biyar, ta wuce tsagar bangon nan ta girgizar bara da kullum ke ƙara buɗe baki. Ba ta taɓa barin ƙasa ta riga su motsi ba.

Ta rasu ta bar caja mai ɗaurin tsumma, da rigar roba, da uwar ɗakinta da yanzu ba ta cire takalmi. Ko mota ce ta wuce kofi ya motsa, sai ta miƙe.

Ga Satumba ta kama, watan da ba wanda ya yarda da ƙasar garin nan, don a cikinsa ta saba girgiza. Sabuwar wayar da Nayeli ta aiko ba za ta iso ba sai Oktoba. Chabela maƙwabciya ta rantse za ta riƙa buga ƙofa, alhali duk bene ya san ita ce ta gudu ta bar mijinta a banɗaki a girgizar da ta wuce.

Za a binne marigayiyar ranar Lahadi bayan coci, a tukunyar furen taga. Akwai busasshen burodi, maganin firgita. Ana roƙon masu ta'aziyya kada su taho gaba ɗaya. A zo ɗaya bayan ɗaya, kowa da wayarsa cike da caji, a zauna kusa da Doña, a daɗe, har watan ya fita.