Rasuwar Ƙaramar Matankari, Abokiyar Safiyar Baba Barnabas

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunyar da ta fi baƙin cikin nauyi, Malama Huguette Barnabas, mai koyarwa a wata lakwal ta Dogon Dutsi, tana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar 'yar na'urar wasan mahaifinta, wadda gida ya sani da suna Ƙaramar Matankari. Ta rasu ranar Talata, bayan gajeriyar jinya.

Marigayiyar ta zo gidan ne da tsufanta, a aljihun wata rigar sanyi ta gwanjo. Ba ta wuce tafin hannu ba, fuskarta ta dushe, murfin batirinta ma da roba ake ɗaure shi. Amma a cikinta akwai gari sukutum, da gonaki da rijiya da kaji, da mutane masu ƙattin kawuna suna yawo ba gaggawa. Ba harbi, ba tsere, ba wanda ke cin wani. Aikinka kawai ka tashi, ka ba shuka ruwa, ka bi gida-gida kana gaisuwa. Wanda ka tsallake kuwa sai ya juya maka baya, kamar dai mutanenmu.

Rubutunta ko fasto bai iya karantawa ba, don haka Baba Barnabas ya raɗa wa mazauna garin sunayen tsararrakinsa na Matankari da suka riga shi tafiya. Mai kamun kifi ya zama Liman, mai ɗaure fuskar nan na bakin rijiya ya zama Gambo. Tun da ƙafa ta hana shi fita, da su yake buɗe safiya. Ya tambaye su kwana da gajiya da iyali, marigayiya ta amsa da "tilin-tilin", shi kuma ya gyaɗa kai, an fahimci juna.

An shaide ta da haƙuri da ƙanƙan da kai. Ba ta taɓa neman rezo irin na wayar salula ba, ɗaukewar wuta ba ta dame ta ba. In batir ya gaji aka shanya shi a rana aka mayar mata, sai ta karɓa ba ƙorafi.

Tsautsayi ya same ta ne ranar Lahadi. Dattawan majami'a suka aiko za su zo duba Baba. Huguette ta ga bai dace a iske mutumin da ya yi shekaru yana ba da waƙa a sujada riƙe da abin wasan yara ba. Ta zare ta daga hannunsa yana tsakiyar gaisuwa, ta ce za ta mayar, ta jefa ta cikin turmi. Baƙi suka zo suka yi addu'a, ɗayansu har yana tambayar ina 'yar abar nan da ake ba shi labari, yana so ya gani. Huguette ta yi kamar ba ta ji ba. Da suka tafi hankalinta ya koma kan tuwo, ta kwara gero a turmi ba tare da ta leƙa ba. Sai da ta ji "tilin" a ƙarƙashin taɓarya sannan ta tuna.

An garzaya da marigayiyar a kan kabu-kabu zuwa wajen Alhassan mai gyaran waya a kasuwa. Baƙi yana ta cin fuskarta kamar tawadar da ta zube, muryarta ta shaƙe. Alhassan ya buɗe, ya busa, ya girgiza kai, ya ce a mayar da ita gida kawai. Da safiyar Talata ta ce "ti", ba ta ƙarasa ba.

Ta rasu ta bar Baba Barnabas, da batura marasa uwa, da gonar gauta dab da nuna. Ta kuma bar Huguette, wadda ta so a ce tsohon ya zage ta ko ta samu sauƙi. Bai yi ba. Abin da ya ce kawai shi ne ranar nan saura Gambo bai gaisar ba, Gambo kuwa tun yana raye mutum ne mai riƙo. Wannan magana ita ke cin ta har yau.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis bayan an tashi daga lakwal, a gindin bishiyar tsakar gida. Huguette ce za ta haƙa ramin da hannunta, ba ta neman taimako. Ba a buƙatar goro ko hatsi. Masu ta'aziyya ana roƙonsu kada su taru rana guda su watse, su zo ɗaya bayan ɗaya, su zauna, su bar tsoho ya gaishe su har ƙarshe. A kuma zo da sassafe, domin har yanzu da ya farka sai ya laluba ƙarƙashin matashi kafin ya tuna.