Wakilin Jimina

Duk wanda zai rubuta tarihin ci gaban ƙasar Gwandu, in dai yana tsoron Allah, sai ya ware babi guda domin Alhaji Lukuman. Kafin bayyanarsa mutanen nan cikin duhun kai suke. Mutum ya sayi rediyo a shekarar samun mulkin kai, ya aurar da 'ya'yansa yana sauraro, ya rasu, a raba gado, rediyon ya faɗa rabon babban ɗa, kuma bai fasa magana ba. Akwatin katako ne, noti huɗu a bayansa. In ya fara tari a kai shi rumfar Isa mai gyara, ya ɗora ƙarfen dalma a garwashi, kafin la'asar ya warke. Haka aka zauna shekara da shekaru cikin wannan koma-baya, ba wanda ya ji kunya.

A watan Maris na 1987 Allah ya ji ƙan jama'a. Alhaji Lukuman ya dawo daga Legas da kwali arba'in a bayan a-kori-kura, da wani allo mai tsawon ƙafa shida, an rubuta WAKILIN KAMFANIN JIMINA, GWANDU DA KALGO. A ƙasa akwai DA KEWAYE, amma fentin wannan daban ne, domin shi ya ƙara da hannunsa. Kafin ya tafi Legas goro yake sayarwa a tashar mota. Wannan tsohon zance ne, Alhaji kuwa ba ya son tsohon abu.

Rediyo mai jimina abin kallo ne. Ja wur, roba tsantsa, nauyinsa ya cika hannu, ga 'yar koriyar fitila da ke ƙyaftawa in an kunna. Kowanne da takardar garanti ta wata shida. A nan dole a yaba wa kamfanin, domin ba a taɓa jin jiminar da ta mutu cikin wata shida ba. Sai ta shiga na bakwai.

Ranar kasuwar Kalgo Alhaji kan hau benci, ya naɗe hannun babbar riga bisa kafaɗa, ya wayar wa talakawa kai.

"Jama'a, ni na ga Legas da idona. Can ba a shekara biyu da abu guda. Masana sun bincika, sun gano tsohon rediyo tsohon labari yake kawowa. Kuna nan kuna jin duniya ta bakin akwatin kakanninku, yaya ba za a bar ku a baya ba? Abin da ya ƙi mutuwa ai taurin kai gare shi. Ya wuce yayi!"

Wannan kalma ta ƙarshe ba ta barin bakinsa. Keken Isa ya wuce yayi. Fitilar liman ta wuce yayi. Wata rana ya tsaya ya daɗe yana duban kukar da ke bakin kasuwa, ya girgiza kai, ya yanke mata hukunci ita ma. Shi ya sa 'yan kasuwa suka raɗa masa Alhaji Yayi, shi kuma ya karɓa hannu biyu, a zatonsa sarauta ce.

Manyan abokan cinikinsa Fulanin rugage ne. Bafulatani kuwa ba ya ɗaukar rediyo tsirara. In ya saya, wurin baduku zai wuce, a auna, a ɗinka masa rigar jar fata da tuntaye da maratayi, a huda 'yan ƙofofi daidai inda murya ke fita. Aikin mako biyu ne. Sannan ya rataya a kafaɗa ya bi shanu.

Haka Sambo ya yi, wani dattijo da rugarsa ke bayan Wurogauri. Ya sayi Jimina Ɗaya da faɗuwar ruwan fari, aka yi mata riga ta gani ta faɗa. Ana gama sussukar gero ta yi gum. Ya shanya batir a rana kwana uku. Ya sayi sabo. Ya buga ta a cinya. Daga ƙarshe ya taka har shagon Alhaji.

"Alhaji, wanga abu ya yi shiru."

"Wata nawa, Baffa?"

"Bakwai."

"Alhamdu lillahi! To ai ba lalacewa ya yi ba, kammalawa ya yi. Ga Jimina Biyu, ƙanwarta."

Jimina Biyu ta fi yayarta tsawo da inci ɗaya cif, don haka rigar farko ta ƙi shiga. Jimina Uku ta fi faɗi da inci ɗaya da rabi. Jimina Huɗu girmanta ɗaya da ta Uku, har Sambo ya fara murna, sai ya ga an mai da bakin muryar ɓangaren hagu. Alhaji ya ce wannan ilimin injiniyoyi ne, ba kowane kai ke ɗauka ba.

Akwai ranar da Sambo ya kai wa Isa ɗaya daga cikin gawarwakin. Isa ya juya ta sau uku yana neman noti, babu. An liƙe ta da gam ruf, kamar ƙwai. Ya sa wuƙa ya ɓare. A ciki ya sami wani ɗan faranti bai kai tafin hannu ba, an malale shi da baƙin abu kamar kwalta yadda ƙarfen dalma ba zai taɓa ko waya ɗaya ba. Kusa da shi an manna guntun siminti. Nauyin nan da ke cika hannu, ga shi.

Labari ya kai wa Alhaji. Ya zo da kansa, ya tsaya bakin rumfa bai shiga ba.

"Kai Isa, wa ya ba ka izinin leƙa cikin kayan kamfani? Simintin nan shi ke danne murya kada iska ta kwashe ta. Ka yi karatun wannan? In ka sake fasa mini jimina sai mun tsaya gaban alƙali."

Isa bai sake ba. Ya koma gyaran risho da fitilar ƙwai. Sambo ya tattara ɓaraguzan rediyonsa ya mayar cikin riga, ya ɗaure. Abin da aka yi wa sutura ba a yar da shi a juji. Ya rataye ta a bukka, gefen ƙoren matarsa, kusa da 'yan'uwanta. Kowace ruga haka ake yi.

A watan Agusta na 1991 aka ƙirƙiro jihar Kebbi. Kowa da abin da ya hango a ciki. Alhaji Yayi allo ya hango, mai tsawon ƙafa goma sha biyu, an rubuta WAKILIN JIHA BAKI ƊAYA, a kafa a Birnin Kebbi inda motar gwamna za ta riƙa wucewa. Sai ga takarda daga Legas, cewa wani Mista Abdulgani, jami'in ciniki na kamfani, zai zo cikin Nuwamba ya duba kasuwa kafin a yanke shawara kan wakilci.

Alhaji bai jira shawara ba. Ya sa aka rubuta allon. Ya yi odar Jimina Biyar guda ɗari huɗu, ya cika shago, ya cika ɗakin baƙi har rufi, domin wakilin jiha ba ya cewa kaya sun ƙare. Sannan ya zauna yana tunanin abin da zai nuna wa baƙo. Takardun ciniki kowa na da su. Shi so yake a gani da ido. Ya aika mai shela Dalijan da Dangoma da Wurogauri da duk rugagen tsakani: wanda ya taɓa sayen jimina a hannun Alhaji ya zo da ita kasuwar Kalgo, akwai shinkafa da nama.

Suka kuwa amsa gayya. Tun hantsi makiyaya ke kwararowa cikin kayan sallah, kowa da rediyo uku ko huɗu rataye hagu da dama, an goge fatun da man shanu suna walƙiya. Manoman fadama suka zo da nasu a cikin buhu. Alhaji ya zauna ƙarƙashin rumfa kusa da baƙonsa, wani siririn mutum mai farin tabarau da ɗan littafi a hannu. Ya dubi filin ya ga ja ko'ina, ƙwalla ta cika masa ido.

Ƙarfe uku saura kwata ya miƙe.

"Ranka ya daɗe, duba da kyau. Ranar da na zo, rediyo goma sha ɗaya ne a garin nan, ni na ƙirga. Yau ga shi. Ni kaɗai na yi wannan, ba gwamnati, ba kowa. Jama'a! Lokacin labarai ya yi. Kowa ya kunna jiminarsa, baƙonmu ya ji muryar ci gaba!"

Wanda ya ci shinkafar mutum ba ya ƙin umarninsa. Kowa ya sunkuya yana murɗa nasa ɗaya bayan ɗaya. Ƙas, ƙas, ƙas, filin ya ɗauka kamar ana fasa gyaɗa. Rediyo ɗari shida da wani abu aka kunna a wannan rana. Bakwai suka yi magana, biyu daga ciki shuuu kawai suke yi. Sauran filin tsit, har ana jin kurciya a kan rumfar mahauta.

Zulai mai fura ce ta fara buɗe baki. "Alhaji, a kashe, ko a bar su su gama tunani?"

Sambo ya matso, tuntaye na kaɗawa a ƙirjinsa. "Ka ce mu taho da su, ga su. Ni nawa huɗu, duka masu ladabi. Ba wadda ka katse ma babba magana."

Gumi ya jiƙa wuyan rigar Alhaji. Ya saci kallon baƙo, sai ya ga murmushi yake. Mista Abdulgani ya yafito Sambo, ya gaishe shi da Hausar 'yan kudu, ya tambayi watannin kowace jimina.

"Wagga bakwai. Wagga bakwai. Wagga takwas, don na yi jinya ban kunna ta sosai ba. Wagga bakwai."

Baƙo ya rubuta, ya gyaɗa kai. "Injiniyoyinmu sun iya aiki."

Nan take ran Alhaji ya dawo jikinsa. Ya gyara zaman hula, ya dubi Zulai ta gefen ido. Ai ya sha gaya musu.

Sai baƙo ya miƙe ya tambayi jama'a wa zai sayi Jimina Biyar. Ba hannun da ya tashi. Ya sake tambaya. Wani daga baya ya ce ko kyauta ce sai ya yi shawara da baduku. Baƙo ya rubuta wannan ma, ya rufe littafi, ya zauna.

"Alhaji, ka yi ƙoƙari. Sunan kaya shekara huɗu yake yi a kasuwa, daga nan mutane sun gane shi. Jimina ta ƙare. Watan gobe barewa za mu kawo, shuɗiya."

"Madalla! Allon ai fenti ne kawai, gobe a goge jimina a zana barewa."

"A'a, Alhaji. Wanda ya ga fuskarka jimina zai tuna. Barewa sabuwar fuska take so. Wakili ma shekara huɗu muke ba shi, haka tsarin yake tun ranar da muka miƙa maka allo. Kai har ka ƙara wata takwas."

"To ɗari huɗun da ke hannuna fa?"

"Naka ne, Alhaji. Allah ya kawo kasuwa."

Baƙo ya ci shinkafarsa, ya yaba naman, ya shiga mota.

Wakilcin jiha wani mai shagon kaset a Birnin Kebbi aka ba. Barewa ta iso cikin Disamba, shuɗiya shar, da 'yar jar fitila. Sambo ya yi rantsuwa ba zai saya ba, ya riƙe rantsuwar har mako biyar, domin kiwo ba labarai akwai kaɗaici. Da ya kai ta gida ya gwada mata rigar Jimina Ɗaya, ta shige daram kamar don ita aka ɗinka.

Alhaji Lukuman bai karaya ba, manyan mutane ba sa karaya. Ranar kasuwa yakan shimfiɗa tabarma, ya jera jajayen rediyonsa, ya ɗaga murya. Sai dai huɗubar ta sauya.

"Ku zo ga ƙirar da, ta asali! Ba irin tarkacen yanzu ba, da ba sa ƙarko. Wayyo, ina kayan da! Ku ɗaga ku ji nauyi!"

Adalci ya wajaba ko a kan wa, kuma a wannan karon bai yi ƙarya ba. An leƙa shagonsa da ɗakin baƙinsa a ƙarshen 1999, shekara takwas cif, an tarar da jimina ɗari huɗu, ko ɗaya ba ta lalace ba. Ba wanda ya saya, balle ya kunna.