Kalmar Aro da Kaset ɗin Anti Rifkatu

Ba zan taɓa mantawa da wata Lahadi ta shekarar casa'in da uku ba, domin ranar na tabbatar da gaskiyar da malaman tarihi suka yi sakaci da ita: makami mafi haɗari da ɗan'adam ya taɓa riƙewa shi ne sabuwar kalma a bakin ɗalibin da bai gama karanta littafin ba.

A lokacin ina digiri na biyu a Greensboro, can Amurka. Mu masu jin Hausa a garin ba mu kai mu cika bas guda ba, amma muna da ƙungiya, har da tsarin mulki mai shafi tara (ni na rubuta, shafi biyu ma ya isa). Duk Lahadin ƙarshen wata mukan taru a falon Anti Rifkatu, a wani gidan haya bayan High Point Road. Nas ce, 'yar Kafanchan, kuma tuwonta shi ne ainihin sirrin haɗin kanmu. Kiristocinmu sun taso daga coci, mu mun yi azahar, sai a ci a sha, sannan a zauna a gyara Najeriya.

Ranar za a zaɓi kakakin ƙungiya. Soja sun soke zaɓe a gida, Turawa sun fara tambaya, ana bukatar wanda zai riƙa zuwa jami'a da coci-coci yana bayani da yawunmu. Ina son kujerar nan kamar in yi me. Har kwat na saya. Abokin takarata Baba Yohanna ne, tsohon hedimasta daga Pankshin, wanda ke aikin lodi a wani sito a Wendover. Jarina guda ne: hangen nesa. Wata uku ina gaya wa duk wanda ya tsaya kusa da ni cewa tun farko na faɗa, soja ba za su miƙa mulki ba.

Sati biyu kafin nan na tsinci kalmar gaslighting a wani littafin nazarin halayyar ɗan'adam a laburare. Ma'anarta ba ta wasa ba ce. Mutum ne zai dage da gangan, wata da watanni, yana musanta wa na kusa da shi abin da ya gani da idonsa, har wancan ya fara zargin hankalinsa. A zamanin ko Amurkawan ba kowa ya san ta ba, sai na ji kamar na tsinci dami a kala. Na gwada ta a kan abokin ɗakina da ya ce shi ya wanke kwanuka jiya. Na gwada ta a kan direban bas da ya ce ni na makara. Duk wanda na jefa da ita sai ya yi shiru. Shirun wanda bai gane ba ne, ni kuwa na lissafa shi a nasara.

Aka ba ni minti biyar in yi jawabi, na yi ashirin. Ina cikin tuna wa jama'a hasashena, Baba Yohanna ya ɗaga hannu kamar ɗan aji.

"Malam, afuwa. Ni a tunanina kai ne ka ce za su miƙa. Har ka ce mu fara neman tikitin komawa."

"Baba, ban taɓa faɗa ba."

Ya shafa furfurarsa. "To, ƙila tsufa ne."

Da na bar maganar a nan, da yau babu labarin da zan ba ku. Dattijo ya buɗe mini ƙofa, na ƙi fita. Na miƙe, na gyara kwat.

"'Yan'uwa, abin da Baba yake yi yana da suna a ilimi. Gaslighting ke nan. Abin da soja suke yi wa ƙasa, shi yake yi mini a falon nan. So yake in yi shakkar ƙwaƙwalwata."

Wani Alhaji ɗan Maraɗi ya ce, "Pardon, Malam, cutar tana da magani?"

Sai Anti Rifkatu ta fito daga kicin tana goge hannu.

"Furofesa, na san kalmar nan," in ji ta. "A asibiti nake ganin masu ita. Mace ce za a kawo, miji ya shekara yana ce mata abin da aka yi ba a yi ba, har ta riƙa tambayata ko da gaske yau Talata ce. Musun falo ba shi ba ne. Kuma a falon nan mutum ɗaya na ji ya ce ƙila tsufa ne, ba kai ba ne kuwa. Amma bari mu tambayi Kaka."

Kaka mahaifiyarta ce, tsohuwa a Kafanchan da ba ta karanta wasiƙa. Saboda haka duk lokacin da aka samu mai tafiya gida, Anti takan ajiye rikoda a tsakiyar falo, kowa ya matso ya gaida Kaka, a ba matafiyi kaset. Abin da ban sani ba shi ne, rediyonta mai baki biyu ce, kuma ba ta taɓa aika kaset ba tare da ta kwafi nata ba. Ta jawo gwangwanin biskit, ta zaro wanda aka rubuta wa Mayu.

Muryar Baba ce ta fara fitowa: "Mama, Yohanna ne. Muna lafiya, muna cin abinci. A gaida 'yan coci." Shi ke nan. Sai aka ji wata gyaran murya mai tsawo.

Na yi sauri na ce, "Kaset yakan canja murya, ba lalle a gane mai magana ba."

Kaset ya ce, "Kaka, ni ne wane ɗan wane," da cikakken sunana, da na mahaifina, da fannin karatuna. "Kafin in gaishe ki, bari in ɗan yi tsokaci a kan halin da ƙasa ke ciki."

Minti goma sha ɗaya na yi (Alhajin Maraɗi ya duba agogo). Tsohuwar da ke son ta ji ko sanyi bai kashe mu ba, na kai ta har Faransa da Roma. Jama'a suka ajiye cokula. Can ƙarshe muryar ta ƙara ƙarfi: "Duk wanda ya karanta tarihi ya san soja za su miƙa mulki. Baba Yohanna yana nan yana musu, amma ba fanninsa ba ne. In ba su miƙa ba, a daina kirana Malam." Ƙas, kaset ya ƙare. Ban ma kai ga gaisuwar ba.

Abin da ya fi ƙona ni, wallahi ba ƙarya na shirya ba. Na maimaita labarin hasashen nan har ni kaina na yarda da shi.

Baba Yohanna ya sauke ajiyar zuciya. "Na gode wa Allah. Ashe da sauran hankalina. Na fara tunanin in roƙi Rifkatu ta haɗa ni da likita." Ya dube ni da tausayin hedimasta. "To ɗana, yanzu da wane suna za mu riƙa kiranka?"

Tun ranar na koyi cewa wanda ya ce maka "ba haka aka yi ba" ba lalle hankalinka yake nema ba. Sau da yawa ya fi ka tunawa ne kawai. Kalma mai nauyi irin wannan a bar wa masu ciwon, kada a ɓata ta a gardamar siyasa bayan tuwo. In kuma an miƙo maka rikoda, ka yi gaisuwa ka matsa.

Da aka zo ƙuri'a, Baba ya janye, ya ce aikin sito ba zai bar shi ya riƙa yawon jawabi ba. Na rage ni kaɗai a takara. Aka zaɓi Anti Rifkatu.