Rasuwar Inna Wuro, Tukunyar Layin Ɗorawa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idanu masu ƙwalla wadda wannan karon ba hayaƙin itace ne ya jawo ta ba, iyalan Goggo Lailatu na Layin Ɗorawa, unguwar Arawa, Gombe, suna sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar babbar tukunyarsu, wadda kowa ya sani da Inna Wuro. Rai ya yi halinsa ranar Laraba da hantsi, bayan jinyar shekara uku da wani aikin tiyata da babu wanda ya nemi izinin dangi kafin a yi shi. Ta rasu tana da shekara talatin da takwas.

An haifi marigayiya a Bolari, wajen masu zubin tukwane, daga tarkacen injin mota. Mijin Goggo, marigayi Malam Hammadu direban tifa, shi ya kawo ta gida ana gobe sunan ɗansu na fari, Bobbo. Sai da aka cire ƙyauren zaure sannan ta shiga. Mudu ashirin na shinkafa take ci ba ta yi gyatsa ba, kuma mace ɗaya ba ta iya ɗaga ta, ko da ta ci ta ƙoshi.

Marigayiya ba ta san zaman gida ba. Duk wanda ya zauna a layin nan zai shaide ta da zumunci. Suna, biki, saukar karatu, zaman makoki, babu inda ba ta taka ba. Da Babbar Sallah ita ke suyar naman gida bakwai bi da bi, ranar Kirsimeti kuma tun da sassafe tana gidan Mama Edna, 'yar Kaltungo, wadda katanga ɗaya ce ta raba ta da Goggo. Ba ta taɓa tambayar mai aro ina yake ibada ba. Sharaɗi ɗaya Goggo ta kafa mata, ban da burukutu, kuma sau ɗaya tak Baba Alfred, mijin Edna, ya gwada sa'arsa. Matarsa da kanta ta kai ƙararsa.

Masu shekaru za su tuna muryarta. In ana mirgino ta a kan hanya, gungurun-gungurun, mutane kan leƙo su tambayi gidan wa aka haihu. In ta ɗauki zafi, marfinta ya fara ƙwal-ƙwal-ƙwal, har liman ya san ya gajarta wa'azi. In kuwa aka buga mata muciya a baki, gwam, to an sauke, mai kwano ya matso.

Aronta yana da ƙa'ida, kuma duk matan layin da ita suka tashi. Ba a tambayar mai aro me za ta dafa, wannan rashin kunya ne. Amma ba a mayar da ita da aike. Matar gida ce za ta wanke ta da toka da yashi, ta rako ta da ƙafarta, kuma ba a dawo da ita wayam: ko sabulu, ko ƙullin gishiri, ko daddawa, sai an sa wani abu a ciki. Daga nan sai a shimfiɗa tabarma, mai aro ta zauna ta ba da labarin taro, wa ya zo, wa ya yi fushi, dangin ango sun ci sun raina ko sun yaba. Da haka Goggo ta shekara talatin tana sanin abin da ke cikin kowane gida ba tare da ta yafa mayafi ba. Ita ba ta ɗauki wannan gulma ba. A wajenta kula da jama'a ne.

Ciwon ajali ya fara ne shekarar da aka zuba wa layin kwalta. Kowa ya yi murna, har a cikin marigayiya aka dafa abincin walima, ba ta san ta dafa na bankwana ba. Kwalta na bushewa dillalai suka fara sallama. Gidan Malam Ernest mai koyarwa aka fara sayarwa, ya koma Tumfure. Sai na masu ɗinki, sai na gaba da shi. Inda gida uku suke, bene ɗaya ya tashi, da katanga mai waya a kai da fitilar da ke kunna kanta in mutum ya gifta. Aka sare ɗorawar da ke bakin layi don motoci su samu wurin juyawa, sannan aka kafa ƙofar ƙarfe da allo mai kyau, an zana ɗorawa a jiki.

Sababbin maƙwabta mutanen kirki ne, a faɗi gaskiya. Suna ɗaga hannu daga cikin mota. Sai dai bikinsu a ɗakin taro ake yi, abinci kuma 'yan kwangila ke kawowa a ƙananan robobi, kowa ya ɗauki tasa ya kama gabansa. Ƙungiyar masu gidaje ma ta rubuto takarda cewa a daina hura itace a waje, hayaƙi yana ɓata fenti. Tun daga lokacin Inna Wuro ta kwanta. Aka kife ta a gindin katanga, kaji suna hawa. Duk Juma'a Goggo takan juyo ta, ta wanke, ta shanya, ta mayar, kamar mai jinyar da likita ya riga ya sallama.

A nan ya kamata a faɗi abin da iyali suka sani. Bobbo, wanda yanzu babban ma'aikaci ne mai gidan kansa a bayan gari, ya daɗe yana roƙon mahaifiyarsa ta sayar da gidan ta koma wajensa. Ya gina mata ɗaki har da banɗaki a ciki. Amsarta ɗaya ce kullum:

"In na tashi, wa zai ba unguwa aron tukunya?"

Bobbo yaro ne mai ladabi, bai taɓa ce mata wace unguwar ba. Goggo ta san gidan ya yi mata girma, ta san rufin yana yoyo. Amma muddin tukunyar nan tana nan, tana da dalilin zama, kuma tana tsoron ranar da za ta rasa shi.

Sai ga sauƙi ya zo, irin wanda kan zo wa mara lafiya dab da tafiya. Najeeba, 'yar mai benen da ke kallon gidan Goggo, ta dawo daga Abuja za ta buɗe gidan abinci a bakin titi, ta sa masa suna Girkin Kaka. Da kanta ta yi sallama, ta durƙusa har ƙasa, ta ce tana son aron tukunya na kwana uku saboda bikin buɗewa. Goggo ta rasa inda za ta sa kanta don daɗi. Ta ƙwala wa Edna kira ta kan katanga, tsofaffi biyu suka tsuguna suka goge marigayiya har tana ɗaukar ido. Bisa ƙa'ida, ba a tambayi yarinya me za ta dafa ba. Goggo dai ta yi ta lissafi a ranta, dafa-duka ce ko dambu, ta kuma ajiye muciyarta kusa ko za a aiko a ce ta zo ta duba gishiri.

Ba a aiko ba. Ranar buki Edna ta wuce a keke, ta ga Inna Wuro a bakin ƙofar gidan abincin, an shafa mata baƙin fenti mai ƙyalli don ta yi kama da tsohuwa, an cika ta da ƙasa, an dasa furanni, 'yanmata suna jingina da ita ana ɗaukar hoto. Edna ta dawo gida ta rufe bakinta, abin da ba ta taɓa yi ba tunda aka san ta.

Ranar Laraba motar gidan su Najeeba ta tsaya, maza biyu suka sauke ta. A yaba wa yarinyar, ta rako ta da ƙafarta, kuma ba ta dawo da ita wayam ba, don ƙasar da furannin suna ciki. Da aka juye, sai ga rana tana leƙowa ta gindinta. Huda tara mai kwalliyar wurin ya yi mata da injin, wai don ruwa ya riƙa tsiyayewa kada saiwa ta ruɓe.

"Wayyo Goggo, sorry, wallahi ban san za ki damu ba," in ji Najeeba. "Na ɗauka kin daina amfani da ita. Shekara uku, duk zuwan da na yi gida ina hango ta daga sama a kife."

Da zagi ne da Goggo ta rama, amma yarinyar gaskiya ta faɗa, kuma ita ce ta fi ciwo. Ta ɗauko muciya ta buga wa marigayiya a baki. Babu gwam. Wani ɗan kwaf ta yi, shi ke nan.

An garzaya da ita Bolari. Maƙerin, jikan wanda ya zuba ta, ya ƙwanƙwasa, ya ɗaga ta a rana, ya ce toka da yashin shekara talatin da takwas sun riga sun cinye gindin, hudar kuma ta tsaga shi, liƙi ba zai kama ba. Ya yi wa Goggo ta'aziyya a tsaye. A keken dawowa ta kira Bobbo ta ce ya turo dillalinsa. Ta yi kuka, ba ta ɓoye ba, mai keke har ya rage gudu.

Marigayiya ta bar marfi ɗaya mai lanƙwasa, da muciya, da duwatsun murhu uku waɗanda yanzu ba su da aikin yi. Ta bar Mama Edna, wadda ita ma 'ya'yanta sun fara kawo mata maganar Kaltungo. Ta bar ɗaruruwan mutane da suka yi ƙiba a kanta, suna warwatse daga Tumfure zuwa Liji zuwa Malam Inna. Ta bar furanni, suna nan cikin bokitin fenti, Goggo tana ba su ruwa don ta ce su ba su yi mata laifi ba.

Za a ɗauki gawa ranar Asabar da ƙarfe goma na safe daga gidan Goggo, a cikin baro. Masu rakiya su bi ta ƙaramar ƙofa, don maigadin layi ba ya buɗe babbar sai ga mota. Ba za a yi zaman makoki ba, ƙungiya ba ta yarda a kafa rumfa a titi ba. Ba kuma za a raba abinci ba, tunda mai dafawar ce ta rasu. Daga nan za a wuce Bolari a narka ta. Maƙeri ya ce za ta ba da ƙananan tukwane goma sha ɗaya, irin na mutum biyu ko uku, daidai da yadda ake cin abinci yanzu.

Goggo ta riga ta rubuta sunayen gidajen da za a kai wa. Har Najeeba an ware mata ɗaya, ta dafa wani abu a ciki ta gani. Amma ana jan hankalin duk wadda ta karɓa cewa aro ne, ba kyauta ba. Daga ƙarshen wata Goggo tana gidan Bobbo, bayan gari, gida na huɗu in an wuce inda kwalta ta ƙare. Ta ce ta yafe sabulun, ta yafe gishirin, ko ba a wanke ba za ta karɓa. Mai aro dai ta kawo da ƙafarta.