Mangwaron Wata Biyar Mai 'Ya'ya

Ba zan taɓa mantawa da ranar da akuyata ta tona mini asiri a gaban liman da fasto da dagaci ba. Ko yanzu in na tuna ina cikin tuƙa tuwo, sai in ji muciya ta yi mini nauyi.

A unguwarmu ta Magajin Gari abin ya daɗe yana damun kowa. Zafi ya ƙaru, ruwan sama ya zo a makare ya ɗauke da wuri, daji kuma ba ya shiguwa kamar da. Sai masu gawayi suka juyo kan itatuwan bakin gari, har da kaɗanya da ɗorawa, waɗanda tsofaffi da matan da mazansu suka rasu ke samun na tuwo da su, su yi man kaɗe, su yi daddawa. Malam Liman ya yi huɗuba a kai, fasto ma ya yi wa'azi a cocinsu. Daga nan matan islamiyyarmu da matan zumunta na coci suka haɗa kai, suka roƙi dagaci ya ware wa waɗannan bayin Allah fili su dasa nasu itatuwan, inda gatari ba zai shiga ba.

Dagaci dattijo ne da ya ga jiya ya ga yau. Ya ce, "Na sha ganin dashen ranar ɗaukar hoto. Ku fara raba dashen gida-gida, kowa ya raina nasa. In na zaga da rani na tarar suna raye, fili naku ne."

Aka raba mana dashe a tsakiyar damina, kowane da sunan ɗan gidan. Nawa mangwaro ne, aka sa masa Husna, sunan 'yata ta goye. Muka kuma yi alkawari ba mai sake saran ɗanyen reshe.

Ni kuwa Allah ya yi ni da fargaba. (In Husna ta yi atishawa sau biyu, na yafa mayafi ke nan sai asibiti.) Haka na riƙi mangwaron nan. Ruwa safe da yamma, ina ƙirga ganyensa, goma sha ɗaya cif, har tururuwar da ke hawansa na sani. Abu ɗaya na manta: bayan girbi ake sakin awaki. Duk damina suna turke, da an kwashe dawa kowa sai ya kwance tasa. Ina yi wa Husna wanka maigida ya kwance tawa ya fita abinsa. Kafin in fito, ganye goma sha ɗaya sun koma cikin akuya. Abin da ta bar mini bai kai ɗan yatsa ba, ga shi jibi dagaci zai zaga.

Kwana biyu ban ci abincin kirki ba. In aka hana tsofaffin nan fili, ai cewa za a yi Maman Husna ce sila.

Mai hankali sai ta je ta faɗi gaskiya. Ni kuwa ɗaga kai na yi, na ga mangwaron maƙwabciyata Mama Saratu, shugabar matan zumunta, ya leƙo ta kan katanga. Ranar zagaye da hantsi na taka turmi, na saro reshe mai kyau da adda, na fiƙe gindinsa kamar fensir, na soka a ramin, na danne da ƙasa, na zuba ruwa. Akuya kuma na kai ta bayan ɗaki na ɗaure da tsohon ɗankwali (igiyar tana kan babur ɗin maigida).

Bayan azahar maigida ya yi musu iso: dagaci, liman, fasto, Mama Saratu, da malamin gona riƙe da littafi.

Malam Liman ya ce, "Masha Allah. Maman Husna, naki ya fi na kowa tashi."

Fasto ya ce, "Wannan hannu akwai albarka."

Maimakon in sunkuyar da kai in yi shiru, sai na ji bakina ya ce, "Ai ruwan wankin shinkafa nake zuba masa, Malam." (Allah ya yafe mini, har yau ban san inda na samo wannan ba.)

Malamin gona ya tsuguna ya ɗaga ganye. Ya daɗe a tsugune. Sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan har ya yi 'ya'ya."

Biyu ne, ƙanana kamar gurjiya. Ni da nake ƙirga tururuwa, ban leƙa ƙarƙashin ganye ba.

Dagaci ya ce, "Watansa nawa?"

Na ce, "Biyar, ranka ya daɗe."

Malam Liman ya ce, "Ikon Allah ya wuce haka," amma a hankali ya faɗa. Maigida, wanda bai san komai ba, ya fara bayanin cewa shi ne ke kawo mini taki. Mama Saratu ta matso kusa. Ta dubi 'ya'yan, ta ɗaga kai ta dubi kan katanga, inda sabon sara ke nan fari tas.

Daidai nan ɗankwali ya tsinke. Akuya ta zo a guje, ta ratsa tsakanin liman da fasto, ta cafki mangwaron Husna, ta fizge shi gaba ɗaya, ta nufi zaure tana jan fiƙaƙƙen gindinsa a ƙasa. Kowa ya bi ta da kallo. Husna ce kaɗai ta ƙyalƙyale da dariya a bayana.

Na durƙusa na faɗi komai, tun daga turmi har shinkafar da ban wanke ba, na ce don Allah kada laifina ya shafi tsofaffi.

Mama Saratu ta ɗago ni. Ta ce, "'Yata, da kin tambaye ni sai in ce ki soka zogale, shi ke kamawa ba saiwa. In za ki yi ƙarya, ki yi wadda za ta tsiro."

Malam Liman ya yi gyaran murya ya ce, "To, tunda an zo nan, nawa ma rago ya cinye tun makon jiya. Shi ya sa na ce a bar gidana a ƙarshe." Fasto ya dubi ƙasa ya ce kwandon da ya kife a kan nasa dashen a gidansa, a gaskiya rami kawai ya rufe.

Dagaci ya yi dariya har ya dafa sandarsa. Ya ce, "Yau na yi zagaye na gaskiya. Ashe ba gatari kaɗai ke cin itace ba. A sake dashe, a kewaye kowane da ƙaya. Fili na bayar, amma kula da shingensa na ɗora wa Maman Husna, don ita ta san abokin gaba ido da ido."

Filin yana nan yanzu, ɗorawa ta fara wuce tsayina, ni ce nake zaga shinge duk Asabar. A islamiyya ba a kirana sai "mai mangwaron wata biyar", kuma duk wadda ta wanke shinkafa sai ta tambaye ni ko a ajiye mini ruwan.

Abin da na koya shi ne, faɗin gaskiya ya fi hawa turmi sauƙi. In kuma kin nace sai kin ɓoye laifi, to wadda ta san sirrinki kada ki ɗaure ta da ɗankwali.