Ƙuda Mai Fukafukai Huɗu

Idan za a ambaci Dokta Gani-Ɗaya, sai a gyara zama tukuna. Shekara goma sha tara ya yi a sashen lafiyar dabbobi, kuma a tsawon shekarun nan babu ƙudan da ya taɓa giftawa ta gabansa bai faɗi sunansa da na danginsa ba. Da Latin yake faɗa, don kada ƙudan ya ji an raina shi.

Sunan Gani-Ɗaya shi ya raɗa wa kansa. Ma'aikata kuwa, in ya ba da baya, Sarkin Ƙuda suke cewa. Ya taɓa ji, ya ɗauka yabo ne, har ya yi musu godiya.

A kusurwar ofishinsa akwai madubin duba ƙananan halittu, sabo fil, an lulluɓe shi da leda. A kansa yake ɗora hularsa. "Madubi na masu koyo ne," in ji shi. "Ni idona ya ƙoshi. A turo mini hoto kawai."

Ana kuwa turowa. Makiyaya da masu gidan kaji da ƙananan likitocin dabbobi, kowa ya ga baƙon ƙuda a jikin dabbarsa sai ya ɗauka da waya ya aiko. Dokta zai kishingiɗa a kujera, ya buɗa hoton da yatsu biyu, ya lumshe ido, ya yanke hukunci. Garke dai ba ya zuwa. Takalmansa ba sa shiri da kashin shanu.

Ko a gida ilmin ba ya hutawa. Ran nan ƙuda ya sauka a bakin kofin shayinsa, ya ɗaga hannu ya tsai da kowa, ya fara bayani a kan gashin ƙafarsa. Matarsa ta naɗe jarida ta maka wa ƙudan.

"Kin kashe shi ban gama tantance shi ba."

"Sai ka tantance gawar, Baban yara. Shayinka na hucewa."

Wata Litinin hoto ya shigo daga wata Hajiya mai sayar da madara. Mijinta ya rasu ya bar mata shanu goma sha ɗaya, da su take riƙe gida da makarantar 'ya'ya. Ta ce shanun na ramewa, idanunsu na hawaye, nono ya ja baya, ga kuma waɗannan ƙudaje da suka addabe su tun da ta koma kai su kiwo bakin rafi. Hoton ya yi dishi-dishi, don saniyar na kaɗa wutsiya lokacin da aka ɗauka.

Dokta ya buɗa hoton, ya miƙe zaune. Ya ƙirga fukafukai, ya samu huɗu. Ya ƙirga ƙafafu, ya kai tara, sauran sun ɓuya a gashin saniya. Duk ƙudan duniya fukafukai biyu gare shi da ƙafafu shida. Yau ga tarihi ya biyo shi har ofis.

Ya kira Anti, ma'aikaciyar ɗakin gwaji, wadda ta girme shi a aiki da shekara shida amma ba ta taɓa faɗa ba. Ta gyara tabarau ta duba.

"Yallaɓai, bakin nan da ya miƙe kamar allura na tsando ne. Alamun da ta faɗa kuma na sammore ne, cutar da tsando ke sa wa shanu. A bar ni in je in kamo ɗaya, in ɗebo jinin shanun."

Dokta ya yi murmushin tausayi. "Anti, matsalarku ke nan, ku 'yan kwalba. Kun saba da abin da aka riga aka sani. Wannan halitta ce da idon ɗan Adam bai taɓa gani ba sai nawa."

Nan take ya buga wa Hajiya waya. Ta fara cewa, "Dokta, su ƙudajen nan lokacin da na ɗauka…" ya katse ta. Masani ba ya buƙatar bayanin mai shanu. Ya umarce ta kada ta yi feshi, kada ta yi allura, kada ma ta kore su, domin duniyar ilmi na buƙatar su da ransu. Hajiya mace ce mai ganin girman likita. Ta ce to.

Mako uku Dokta ya yi yana haɗa wa ƙudan suna da Latin, ya liƙa nasa sunan a ƙarshe. Ya ɗinka sabuwar kwat. Ya sa an buga ƙyalle mai faɗin bango na tallar laccar da zai gabatar da ƙudan. A makon farko saniya ɗaya ta kwanta ba ta tashi ba. A na biyu wata ta bi ta, da ciki. Hajiya ta kira tana kuka, ya ce mata kowane babban bincike da irin sadaukarwarsa.

Anti kuwa ba ta jira izininsa ba. Ranar hutunta ta ɗauki raga da kwalabe ta shiga mota zuwa garken Hajiya. Ta kamo ƙudaje bakwai, ta ɗebo jini, ta duba a tsohon madubinta. Tsando ne, kowanne da fukafukansa biyu, cutar kuma sammore. Ta yi wa sauran shanu taran allura, ta ce a daina kai su rafin. Rahoton ta ajiye a teburin Dokta. Bai ɓata shi ba, a kansa yake ɗora kofi don kada teburin ya yi tabo.

Ranar lacca zaure ya cika. Ga shugaban sashe, ga 'yan jarida, ga matar Dokta a layin gaba. An gayyato Hajiya ma, don a yi mata tafi. Aka kashe fitilu, majigi ya hasko hoton, ƙuda ya zama kamar ɗan maraƙi.

"Jama'a," in ji Dokta, yana nuni da sanda, "ku ƙirga da ni. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Turawa sun zo da madubansu sun wuce, ba su gan shi ba. Ni ko daga kujerata ban tashi ba."

Hajiya ta ɗaga hannu. Sai yanzu ta gane abin da ya ci mata shanu biyu.

"Dokta, gafarta mini. Wannan ne abin mamakin?"

"Shi ne, Hajiya. Ki yi alfahari."

"Ai su biyu ne. Ɗaya a kan ɗaya. Ina gama ɗauka suka rabu, kowa ya kama gabansa. Abin da na so gaya maka ke nan ka katse ni."

Kowa ya sake kallon bango, kuma da aka faɗa, ko mai ciwon ido ya ga kai na biyu yana leƙowa ta ƙarƙashin na farko. Shugaban sashe ya shiga neman wani abu a aljihunsa. Matar Dokta ta ja mayafi ta rufe baki, kafaɗunta na rawa. Anti ta cire tabarau tana gogewa a hankali.

Dokta ya yi gyaran murya ya ce wannan ma fage ne na bincike mai zurfi, wanda da ma yake shirin taɓowa. Ba a ji ƙarshen maganar ba, don mai kula da majigi ya riga ya kunna fitilu.

Washegari jarida ta buga hoton a shafi na uku, da cikakken sunan Dokta a ƙarƙashi, kamar yadda ya roƙa. Ba ta dai fayyace wanne ne shi a cikin biyun ba.